Na haddace littafin, amma hannuna yana rawa a gaban mara lafiya

Ummi Agege: Assalamu alaikum yayyena da iyayena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya a nan Legas, ina aji biyu, saura mako uku mu shiga OSCE, jarabawar da ake gwada mu a aikace kan duba mara lafiya. Idan a takarda ne, ko daga barci aka tashe ni zan jero muku matakan duba mara lafiya: dubawa da ido, taɓawa, ƙwanƙwasawa, saurarawa. Amma da na tsaya a bakin gado sai komai ya zube.

Ranar Talata aka kawo wani dattijo mai harkar shanu a Abbatuwa ta Oko-Oba. Ba ya jin Turanci, Yarbancinsa ma na ciniki ne, sai aka ce a kira 'yar Hausar nan. Na ji nauyin in ce ya cire babbar riga, sai na ɗaura masa abin awon jini a kan hannun rigar, ga shi yanzu ya hawo bene yana haki. Na samu 168/100. Bayan minti goma sista ta zo, ta sa ya zame rigar, ta samu 138/86. Kallo ɗaya ta yi mini ta wuce. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kuma bari in faɗi gaskiya tunda ba ganina kuke yi ba: numfashi ba na ƙirgawa sosai, 20 nake rubutawa kamar yadda na ga ana yi. Sannan sa'an babana, ta yaya zan tambaye shi fitsari da bayan gida? Ku taimaka mini.

Sista Rabi: Wa alaikumus salam 'yata. Kallon nan da aka yi miki, mu ma an yi mana, har yau ban manta nawa ba. Amma ni ba awon jinin ne ya fi tayar mini da hankali ba, wannan 20 ɗin ce. Ki daina daga yau. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma sau da yawa numfashi ne ke fara canzawa kafin jini ya faɗi, kafin kowa ya lura mutum yana tafiya. Na taɓa karɓar aiki da safe na tarar da katin wata mata, 20, 20, 20 tun dare. Na tsaya na ƙirga, 32. Kafin azahar tana kan iskar oksijin. Wanda ya rubuta ashirin ɗin bai yi nufin mugunta ba, gajiya ce, amma katin ya yi wa likita ƙarya.

Dabarar kuwa tsohuwa ce. Idan kin gama ƙirga bugun jini a wuyan hannu, kada ki ɗaga yatsunki. Ki bar su a wurin kamar ba ki gama ba, idonki a kan ƙirjinsa, ki ƙirga minti guda cur. Da kin ce "Baba zan ƙirga numfashinka", ya gyara shi ke nan. Bugun jinin kuma da yatsu biyu ko uku, ban da babban yatsa don yana da nasa bugun. Daga 60 zuwa 100 ne daidai ga babba, amma ki ji ko yana tafiya a jere ko yana tsallake.

Awon jini: ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a daidai zuciya, fata tsirara, kuma ba hira. Ki fara lalubo bugun wuyan hannu, ki hura wa abin awon iska har bugun ya ɓace, ki ƙara 20 zuwa 30 a kai, sannan ki saki iskar a hankali, 2 zuwa 3 kowace daƙiƙa. Ɗalibai sakin iska suke yi kamar an fasa taya, sai su yi ta cinta. Kuma awo ɗaya ba ya sa a ce wa mutum yana da hawan jini, sai an maimaita a ranaku daban ana samun 140/90 ko sama.

Nas Bashir Obalende: Ƙanwata, kan maganar kunya zan tsaya. Kin san kunya ce ta haifi abin sauraron ƙirjin da kike ratayawa a wuya? A 1816 wani likitan Faransa, Laennec, ya ji nauyin ɗora kunnensa a ƙirjin wata matashiya, sai ya naɗe takarda ya saurara ta cikinta. Bai fasa aikin ba, hanya ya nemo.

Ni ga yadda nake yi da dattijanmu. Gaisuwa tukuna, cikakkiya, har iyali da kasuwa. Sai in ja labule in ce, "Baba, a yi haƙuri, aikin ne ya zo da haka, za a ɗan sassauta riga." Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba. Inda za ki duba kawai za ki buɗe, sauran jiki a rufe da zane. Idan ɗansa na tsaye a kansa, ki roƙi yaron ya ɗan ba ku wuri, don ba dattijon da zai yi zancen fitsari gaban ɗansa. Kuma kada ki ce "akwai matsala?", zai ce miki Alhamdulillahi. Ki ce, "Sau nawa kake tashi kama ruwa da dare? Yana fita da ƙarfi ko ɗigo-ɗigo? Yaushe rabonka da zagayawa?"

Sai ki kula da sunayen cuta na mutanenmu. Wanda ya ce basir, wataƙila jini yake gani, wataƙila cikinsa ne ya ɗaure, wataƙila kasala ce kawai. Haka sanyi, haka olsa, haka taifot. Ki ce ya nuna miki wurin da yatsa ɗaya, ya gaya miki yaushe ya fara, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi. Ki tambayi abin da ya sha kafin ya zo, na kemis da na gargajiya, ba da faɗa ba. Da kin ɗaure fuska zai ce bai sha komai ba, alhali gorar jiƙo na cikin aljihunsa.

Maman Iman: Sista Rabi, ban ƙi taki ba, amma mu gaya wa yarinya yadda aiki yake. Daren da nas biyu ke riƙe da gado talatin, minti guda ga kowa sai a hankali. Idan numfashin a daidaice yake, daƙiƙa 30 sau biyu ya yi. Idan yana tangarɗa, ko mutumin bai yi miki ba a ido, ko yaro ne, to minti guda. Yara ma lissafinsu daban: ƙasa da wata biyu 60 ne sauri, wata 2 zuwa 11 kuma 50, shekara 1 zuwa 5 kuwa 40. Sannan wajen awon jini, a duba girman abin da ake ɗaurawa a damtse. Ƙarami a damtsen hajiya mai jiki zai ba ki lamba sama da gaskiya.

Sista Rabi: Na yarda da talatin sau biyu, Maman Iman. Sifili sau biyu ne ban yarda da shi ba.

Abban Sadik Mile 12: Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, matata ce ta sa ni a zauren nan. Roƙona ɗaya: ku riƙa ɗumama hannu kafin ku taɓa cikin mutum. Wata ta ɗora mini hannu kamar daga firiza ta fito, na ƙanƙame, ta ce cikina ya yi tauri.

Anti Zainab Ikorodu: Abban Sadik ya ba mu dariya amma darasi ne, kuma ya kawo mu kan ciki, inda ɗalibai ke faɗuwa a OSCE. Ummi, jerin da kika haddace ba ya aiki wajen duba ciki. A nan ido ne farko, sai saurare, sannan ƙwanƙwasawa da taɓawa, don matsa ciki yana iya canza kukan hanji. Ya yi fitsari tukuna, ya kwanta rigingine ya ɗan lanƙwasa gwiwa. Inda ya ce yana ciwo shi ne ƙarshen inda za ki taɓa, kuma fuskarsa za ki kalla, ba hannunki ba.

Wani abu kuma: yawancin hotunan littattafanmu na farar fata ne. A jikinmu ba za ki ga mutum ya yi fari ko shuɗi a kumatu ba. Ƙarancin jini, ki ja fatar ido ta ƙasa, ki duba harshe da tafin hannu. Ciwon shawara, farin ido a hasken rana, ba ƙarƙashin fitila mai ruwan ɗorawa ba. Ki danna farce, jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Matanmu kuma ga lalle ga jan farce, to ki nemi yatsan da ba komai kafin ki maƙala na'urar oksijin, kuma ki sani takan nuna lamba sama da gaskiya a fata mai duhu. Idan ta ce 96 amma mutum yana haki ya kasa ƙarasa magana, ki kira na gaba da ke.

Ranar jarabawa ki wanke hannu, ki faɗi sunanki, ki tabbatar da nasa, ki nemi izini, ki ja labule, kina yi kina faɗa da baki. Abin da mai ba da maki bai gani ba kuma bai ji ba, ba ki yi shi ba.

Ummi Agege: Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Jiya da daddare na gwada a kan kakata. Na riƙe hannunta ina satar kallon ƙirjinta, na samu 18, ita kuma sai tambayata take ko agogon ne ya tsaya. Dattijon nan zai dawo ranar Alhamis a sake awon jininsa, na roƙi sista ta bar ni in yi tana tsaye. Anti Zainab, ƙwanƙwasawa ce har yanzu ba ta fita, ƙarar duk iri ɗaya nake ji.

Anti Zainab Ikorodu: Yatsan tsakiya kaɗai zai kwanta a jiki, sauran a ɗage, bugun kuma daga wuyan hannu yake fitowa ba daga kafaɗa ba. Ki yanke farce. Ki buga cinyarki, sannan ki cika kumatu da iska ki buga, za ki ji bambancin. In kina da jarkar ruwa rabi a gida, ki bi ta daga sama zuwa ƙasa har ki gano inda ruwan ya tsaya.