Aikin dare yana nuna ya yi nasara alhali bai kwaso cinikin reshe ba, ku taimaka

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, tun jiya hankalina bai kwanta ba. Ina aiki da wani kamfanin sayar da kayan masarufi a kan sari, muna da rassa huɗu. Asali akanta aka ɗauke ni. Wanda yake kula da kwamfutocinmu ya bar aiki shekara biyu da suka wuce, maigida ya ce tunda na ɗan iya SQL, yaren da ake sarrafa rumbun bayanai da shi, in riƙe kafin a samo wani. Har yau ba a samo ba, albashi kuma yana nan inda yake. Akwai aikin da na saita a SQL Server Agent, wato ɓangaren manhajar rumbun bayanai ta Microsoft da ke gudanar da ayyuka da kansa a lokacin da aka saita, kullum ƙarfe biyun dare yake kwaso cinikin rassa ya zuba a babban rumbu. Jiya manaja ya gano cinikin reshe ɗaya bai shigo ba kwana tara, har an yi odar kaya a kan lissafin da ba daidai ba. Na buɗe tarihin aikin, duk koriyar alama ce, imel ko ɗaya bai zo ba. Maigida ya yi min faɗa a gaban yaran shago, ranar Litinin kuma zan yi bayani. Ta yaya abu zai lalace ya ce ya yi daidai?

Injiniya Bakatsine: Wa alaikumus salam. Ko ban ga rubutunka ba na san ciwon. Ka sa TRY da CATCH, wato inda ake gwada aiki da inda ake kama kuskurensa, kuskure ya faɗa cikin CATCH, ka bar shi ya mutu a nan. Agent ba ruwansa da ko ciniki ya shigo, abin da yake dubawa kawai shi ne ko matakin ya ƙare da kuskure. Tunda ka haɗiye shi, nasara zai rubuta. Sa THROW, umarnin da ke sake tayar da kuskuren, a ƙarshen CATCH, magana ta ƙare.

Abban Sadiq: Na gode Injiniya. Gaskiya ne akwai CATCH, amma da gangan na yi. Da can in netwok ɗin reshe ɗaya ya yanke, aikin gaba ɗaya yake tsayawa, sauran ukun ma su rasa. Kuma a cikin CATCH ɗin ina rubuta kuskuren a wani tebur. Abin da ya ɗaure min kai, teburin ma fanko ne.

Maman Ilham: Malam, duba ko ka rubuta a teburin kafin ROLLBACK ne, wato umarnin da ke soke duk canjin da aka fara. In haka ne, ROLLBACK ya share rubutun tare da sauran. Ka fara soke zubin da ya tsaya rabi da ROLLBACK, sannan ka rubuta ERROR_NUMBER() da ERROR_MESSAGE(), wato lambar kuskuren da saƙonsa. Ni kuma ban yarda da THROW a kan kowane reshe ba, uzurinka yana kan hanya. Ka bari rassan su gama, kana ƙirga waɗanda suka faɗi, a ƙarshe in ƙirgen ya wuce sifili sai ka tayar da kuskure ɗaya.

Injiniya Bakatsine: Hajiya, wannan kwana-kwana ce. Lissafin da ya shigo rabi ya fi wanda bai shigo ba haɗari, domin manaja zai gan shi ya ɗauka cikakke ne, abin da ya faru ke nan. A tsaya cak, kowa ya sani. Kuma Abban Sadiq, buɗe kowane mataki ka duba abin da aka ce ya yi in ya faɗi. In an ce ya wuce mataki na gaba, na ƙarshe kuma ya yi nasara, aikin gaba ɗaya nasara za a rubuta masa. SET XACT_ABORT ON fa, mai soke zubin gaba ɗaya in kuskure ya faru, ka sa?

Ɗan Zariya: Ku kuna da sa'a ma naku yana tashi. Mu a wajenmu in an ɗauke wuta cikin dare, batirin inbata ya mutu, sabar ta kwanta. Aikin da bai tashi ba bai faɗi ba, saboda haka babu imel ɗin faɗuwa. Sau uku na rubuta a canza batura, aka ce babu kuɗi, da aka rasa kwafin ajiya ni aka ba takardar gargaɗi. Yanzu kullum da asuba sai na duba da idona.

Abban Sadiq: Allah ya kawo mana sauƙi ɗan uwa. Injiniya, na gwada THROW yanzu, ya ƙi karɓa.

Injiniya Bakatsine: Sa waƙafi mai ɗigo a ƙarshen layin da ke gabansa. Wane SQL Server ne ma a wajenku?

Abban Sadiq: 2008 R2.

Injiniya Bakatsine: Ai da ka faɗa tun farko! THROW sai daga SQL Server 2012. Yi amfani da RAISERROR, tsohon umarnin tayar da kuskure, da lambar tsanani 16, kada ka sa 10, wannan sanarwa ce kawai, ba ta kayar da mataki. Amma gaskiya babbar matsalarka ba CATCH ba ce. Microsoft ta daina tallafa wa 2008 R2 tun watan Yulin 2019. Wannan za ka kai wa maigida ranar Litinin.

Abban Sadiq: Mutumin da bai ƙara min ko sisi ba shi zai sayi sabon lasisi? In na tayar da wannan cewa zai yi ina neman inda zan fake. Kuma wata goma sha huɗu aikin nan yana tafiya lafiya a haka, ban ga tsarin ne ya lalace ba, netwok ɗin reshen ne.

Maman Ilham: Wata goma sha huɗun da me ka tabbatar? In ba a taɓa saitin ba, Agent layi 100 na tarihi yake ajiye wa kowane aiki, 1000 ga duka, tsofaffin sun tafi. Waɗanda suka rage ma ai ka ga koriyarsu ba shaida ba ce. Kwatanta jimlar kowace rana ta rassa da ta babban rumbu tukuna.

Abban Sadiq: Zan duba in na samu lokaci. Yanzu dai wanne zan bi, in tsayar da komai ko in ƙirga? Kuma Database Mail ɗin, mai aika imel daga SQL Server, ban taɓa ganin ya aiko da saƙo ba tunda na karɓi aikin, ta ina ake gwada shi?