Maƙwabcina ya ce in zo da "spiningas", me zan saya?

Salamu alaikum 'yan uwa. Karatu nake a Kaunas, ƙasar Lituweniya. Wani dattijo maƙwabcina ya gayyace ni kamun kifi ranar Asabar a Kauno marios, tafkin nan da ya samu bayan an datse kogin Nemunas a 1959. Sai ya ce min, "Ar turi spiningą?" Don kunya na gyaɗa kai kawai. Da na duba a waya, fassarar da ta fito wai "juyawa", har da hoton keken motsa jiki. Don Allah a fitar da ni.

Sani Vilnius: Wa alaikumus salam. Ai tambayarka ya yi ko kana da sandar fatsa. Kalmar daga Turanci suka aro ta, "spinning", suka liƙa mata "-as" kamar yadda suke yi wa sunayen aro. Mu ma ai haka muka mai da "bucket" bokiti. Ƙarshenta ne ke sauyawa: spiningas sunan abin, spiningą idan ana tambayar ko kana da shi, spiningauti kuma yin kamun da shi.

Amma ba kowace sanda ba ce. Spiningas tana da ƙaramin gargare na naɗe zare, suna ce masa ritė. Ba a sa mata tana. Wani ƙarfe mai ƙyalli, blizgė, ko kifin roba, vobleris (shi ma aron Turanci ne), ake ɗaurawa, ka wurga nesa, ka riƙa naɗewa a hankali, kifi mai farauta ya ɗauka ɗan uwansa ne ke gudu. Idan ka ce meškerė, wato sandar fatsa kawai, a shago, mai yiwuwa su miƙo maka ta zaman jira, mai ɗan abin da ke yawo a kan ruwa.

Baba Yawuri: Ɗana, ni ban san yarensu ba, amma a bakin Kwara na girma. Kada ka sayi komai tukuna. Je ka gaya wa dattijon gaskiya ba ka da ita. Masunci ba ya rasa sanda ta biyu.

Maman Hanifa: Ka dai sayi lasisi ta intanet kafin ranar, suna dubawa. Kuma akwai lokacin da aka hana kama lydeka, kifin nan mai dogon baki, daga Fabrairu zuwa cikin Afrilu. Tambaye shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba, na bi maganarka. Dariya ya yi ta yi, ya buɗe ɗakin ajiyarsa, sanduna biyar jingine da bango. Ya ce in zo da safar hannu kawai, ƙarfe biyar na asuba.