Yaya zan bar ma'aikata su ɗora filashi ba sai an kira ni ba?

Auwal: Salamu alaikum. Kwamfutoci tara nake kula da su a wurin aikinmu, duk Debian ne (wani nau'in Linux), babu GNOME babu KDE, wato manhajojin tebur masu ɗora filashi da kansu. Duk wanda ya soka filashi sai an taso ni in yi masa mount, wato in ɗora filashin a tsarin don a iya buɗe fayilolinsa. Kalmar sirrin root, asusun mai cikakken iko da kwamfutar, kuwa ba zan ba kowa ba. Mene ne mafita?

Bashir: Ka sa mount a sudoers, fayil ɗin da ke ba mutane damar yin umarni da ikon root, da NOPASSWD don kada a tambaye su kalmar sirri, aikin minti biyu ne.

Malam Idi: Don Allah kada ka yi haka! Ni na taɓa yi. Wani yaro ya zo da filashi mai tsarin fayil na ext4, a ciki akwai kwafin bash (manhajar rubuta umarni) mallakar root mai setuid, alamar da ke sa manhaja ta yi aiki da ikon mai ita. Ya ɗora, ya kunna da `-p`, nan take ya zama root. Ya goge rajistar tsarin, ya canza kalmar sirrina. Kwana uku ina sake girka komai, maigida yana tsaye a kaina, laifin kuma ni aka ɗora wa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Hauwa: Allah ya kiyaye gaba, Malam. Auwal, rubuta wannan a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera abin da za a ɗora da inda za a ɗora shi: `/dev/sdb1 /mnt/usb auto user,noauto 0 0`. Kalmar user tana ba kowa damar ɗorawa, kuma da kanta tana kawo nosuid da nodev da noexec, waɗanda ke toshe irin dabarar yaron nan, kuma wanda ya ɗora shi ne zai sauke.

Bashir: In an soka filashi biyu fa? Na biyun sdc zai zama. Layin Hauwa kuwa sdb1 kawai ya sani. Gara manhajar udisks2, sai `udisksctl mount -b /dev/sdc1`.

Hauwa: In an shiga daga nesa ta SSH, polkit, mai ba udisks2 izini, zai nemi kalmar sirri. Wuni guda na yi kafin na daidaita ƙa'idarsa.

Nura: Mu a FreeBSD, wani tsarin daban da Linux, vfs.usermount=1 muke sawa.

Bashir: Debian ya ce, ɗan'uwa. Ana maganar doki ka kawo raƙumi 😂

Malam Idi: Kai da ka kawo shawarar sudoers ka fi kowa surutu. Kwamfuta nawa ka taɓa riƙewa?

Bashir: Haba Malam, ai na gyara.

Hauwa: Ni abin da ya fi ci min rai masu fizge filashi ba umount, wato ba su sauke shi ba. Rubutun yana ƙwaƙwalwa bai gama sauka ba, gobe a zo ana cewa fayil ya zama fanko.

Nura: Wallahi jiya ma an yi min haka, rahoton wata guda.

Auwal: To ni dai fstab ɗin zan bi ko udisks?