Wasan sada zumunta ko zaman sansani: wanne Super Eagles ta fi buƙata?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Tun da Kwango ta fitar da mu a bugun fenareti a Rabat muka rasa gasar duniya ta 2026, magana ɗaya ke cina. A daina wasannin sada zumunta. Duk hutun FIFA (lokacin da kulob-kulob ke sakin 'yan wasa su buga wa ƙasashensu) da babu wasan gasa, a killace yaran nan a sansani su yi atisaye. Hutun kwana tara ne kacal. Yaro ya buga wa kulob ɗinsa ranar Lahadi, ya kwana a jirgi, kafin ya warware an ce ga wasa. Yaushe koci zai koya musu wani abu? Ku tuna kunnen doki 1-1 da Lesotho a Uyo a Nuwamban 2023. Taurari ne cike da fili, amma kamar ranar suka fara haɗuwa.

Koci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ciwon da ka faɗa gaskiya ne, maganin ne ban yarda da shi ba. Na daɗe ina horar da yaran unguwa. A atisaye kowa yana tausayin ƙafar ɗan'uwansa, ba wanda zai shiga maka da gaske. Sai ka ga ɗan baya kamar katanga, ran da ya gamu da baƙo mai gudu ga 'yan kallo suna ihu, sai ka san ainihinsa. Dubi Qatar. Wata da watanni suka yi a killace a Sifaniya da Ostiriya kafin gasar duniya ta 2022, aka zo gidansu suka sha kashi a duka wasanni uku.

Kawu: Koci, to tsohon kocin Super Eagles Stephen Keshi fa, Allah ya jiƙan maza? Garin Faro na ƙasar Fotugal ya kwashi yara ya kai kafin gasar Afirka ta 2013, ya haɗa 'yan gida da na waje suka zauna wuri guda. Daga nan Sunday Mba ya fito, ya ci Kwaddibuwa, ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Ni na ga kofin 1980, na ga na 1994, na ga wannan, kuma ban taɓa ganin an ɗauki kofi ba tare da an zauna an san juna ba.

Koci: Allah ya ƙara girma, Kawu, ai ka kawo mini hujja. A cikin wannan shirin Keshi ya buga da Kataloniya aka tashi 1-1, ya kuma buga da Kef Bad. Da me zai gane Mba da Oboabona za su iya ɗaukar nauyin, in bai jefa su gaban baƙi ba?

Baban Ummi: Ni ina bayan Ɗan Fagge, amma dalilina daban. Wasan sada zumunta yaudara ce. Nuwamban 2017 muka ci Ajantina 4-2 a Krasnodar, Iwobi ya ci biyu, aka kwana ana murna a gidajen kallo. Messi ma bai buga ba. Wata bakwai bayan nan, a ƙasar Rasha ɗin dai, da abin ya zama na gaske a gasar duniya suka ci mu 2-1 muka dawo gida. Me waccan nasarar ta ƙara mana ban da girman kai?

Maman Khalifa: Ku yi haƙuri in shigo da lissafi, don akwai abin da ba a taɓo ba. Jadawalin FIFA ba ado ba ne, da shi ake raba ƙasashe tukwane in za a jefa ƙuri'a. Tun 2018 aka sauya tsarin. Wasan sada zumunta a cikin hutun FIFA nauyinsa 10, wasan neman gurbi 25, wanda aka buga a wajen hutun kuwa 5. Kaɗan ne, amma yana taruwa. A tsohon tsari ƙin buga irin wasannin nan dabara ce, da ita Poland ta hau tukunyar farko a ƙuri'ar gasar duniya ta 2018. Yanzu in ka zauna makinka na nan inda yake, masu bugawa suna cin nasara su tsallake ka. Ko a Rabat ɗin da Ɗan Fagge ya ambata, jadawalin ne ya haɗa mu da Gabon a wasan farko.

Ɗan Fagge: Hajiya, na ji. Amma maki nawa zai biya ɗan wasan da aka rasa? Sadiq Umar a wasan sada zumunta da Gini ya ji rauni a Abu Dhabi, ana saura kwanaki a fara gasar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa, kuma 2-0 aka ci mu.

Maman Khalifa: A wannan sansanin na Abu Dhabi Boniface ya ji nasa, kuma a wurin atisaye, ba a wasa ba. Rauni ba ya tambayar ko akwai alƙalin wasa. Sannan ƙungiyar da Gini ta ci ɗin ita ce ta kai wasan ƙarshe.

Baban Ummi: Mu faɗi abin da ake kewayewa. Kuɗi ne. Wasa yana kawo wa hukuma kuɗi, sansani kuwa cin kuɗi yake, otal da abinci da alawus. Shi ya sa aka kwashi 'yan wasan gida zuwa Los Angeles a 2021, Meziko ta zuba musu huɗu ba ko ɗaya. Wannan tafiya ba don koci aka shirya ta ba.

Koci: Nan kam mun haɗu. Irin wannan ni ma ban so. Wasan da nake karewa shi ne wanda koci ya zaɓi abokin karawa da kansa, saboda salonsa ya yi kama da na wanda za a gamu da shi. Mu da ke shan wuya a hannun Lesotho da Zimbabuwe da Benin, masu tare baya su jira kuskurenka, me ya kai mu Lisbon a 2022 Fotugal ta ci mu 4-0? Turawa ma tun da suka ƙirƙiro gasar Nations League a 2018 ba su da lokacinmu sosai. A nemi ƙasashen Afirka masu taurin baya, a buga da su a Uyo ko Abuja, babu doguwar tafiya.

Kawu: Kuma daga 2026 FIFA ta haɗe hutun Satumba da na Oktoba ya zama kwana 16, ana iya buga wasa har huɗu. In babu na gasa a ciki, a buga biyu kawai, sauran kwanakin a zauna.

Ɗan Fagge: Kawu, wannan zan iya karɓa, amma da sharaɗi. Mako na farko cur kada a buga da kowa, kuma kowa ya iso ranar da aka kira shi, babba da yaro. Abin da nake tsoro shi ne da zarar an ga gurbin wasa huɗu, huɗun za a cike.

Koci: Makon farko na ba ka. Amma ranar Asabar ɗinsa sai an kawo musu baƙi, ko da kulob ne irin Kano Pillars ko Enyimba, a rufe ƙofa a buga minti 90.