Bakin ganye ya ƙone: yunwa ce ko taki ne ya yi yawa?

Sabon shiga: Salamu alaikum 'yan uwa. Inda nake zaune doka ta yarda a shuka wiwi kaɗan a cikin gida, shi ne na ɗora tukunya biyu a ƙarƙashin fitila, awa 18 a kunne kullum. Sati na huɗu ke nan, bakin ganyen ya koma ruwan ƙasa kamar an ɗosana masa ashana. Na ƙara taki, abin sai gaba yake yi. Wanda ya taɓa gani ya ba mu labari.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ajiye kwalbar takin nan tukuna. Haka na kashe shukata ta farko, garin neman gira na rasa ido. Ƙasar buhu da takinta take zuwa, ni kuwa tun shukar tana ƙarama na fara zuba mata cikakken awon da ke jikin kwalba. Ganye ya yi kore har ya yi duhu, bakinsa ya lanƙwashe ƙasa kamar farcen shaho. Naitirojin, wani sinadari da ke cikin taki, ne ya yi mata yawa. Yunwa ba haka take zuwa ba, daga ganyen ƙasa take farawa, su yi rawaya gaba ɗaya, domin shukar tana kwashe naitirojin daga tsofaffin ganye ta kai wa toho. A ta biyu, da na ga alamar, ruwa zalla na yi ta zubawa har ya fita ta ƙasan tukunya, na bar ta sati guda, sannan na dawo da kwatan awo. Wanda ya ƙone ba zai warke ba, toho za ka riƙa dubawa.

Mai zaren kwakwa: Ni tawa, da na shuka a zaren kwakwa maimakon ƙasa, ta fi ban haushi. Takin daidai, amma ganye na ta yin ɗigo-ɗigo kamar tsatsa. Sai da na sayi ma'aunin pH, wato na auna tsamin ruwa, na ga ruwan famfona ya kusa 8. Abinci na nan a tukunya, saiwa ta kasa ɗauka. A ƙasa ana so 6 zuwa 7, a zaren kwakwa wajen 5.8 zuwa 6.2, kuma zaren yana riƙe kalsiyam da magniziyam, dole ka ƙara su. Auna ruwan bayan ka haɗa taki, don takin kansa yana sauya lambar.

Mai tukunya uku: Malam, sau nawa kake ba su ruwa? Ni kullum safe nake bayarwa, wai tausayi. Ganye ya yi laƙwas, na ce ƙishirwa ce, na ƙara. Sai ga ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna tashi daga ƙasar. Ashe saiwar ce ba ta samun iska. Yanzu ɗaga tukunyar nake yi, in na ji ta sakayau sannan in ba ta.

Wani daga gefe: Masu karatu dai su san dokar inda suke. Kanada tun 2018 tushe huɗu ne ga gida guda, amma lardin Kebek ya hana. Jamus tun Afrilun 2024 uku ne ga baligi. A ƙasashe da yawa kuwa laifi ne mai kai mutum gidan yari.

Sabon shiga: Na gode ƙwarai. Gaskiya kullum nake ba su ruwa, taki kuma duk bayan kwana biyu. Yau na wanke ƙasar, na ɗaga tukunyar na ji nauyinta. Yaya Tsohon hannu, in toho ya fito lafiya, sai yaushe zan mai da fitilar awa 12 don shukar ta fara fure?