Ciwon Ƙugu da Aikin Hannu a Sashen Gashin Ƙashi: Me Kuka Gani?

Tela: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 14 ke nan ina zaune a kan keken ɗinki, kuma wata biyar da suka wuce ƙuguna ya fara riƙewa har ruku'u yana yi mini wuya. Likita ya duba ni, ya ce babu karaya, sannan ya tura ni sashen gashin ƙashi, inda aka ce za a riƙa danna mini ƙashin baya da hannu. Gaskiya ina jin tsoro, domin wurin da ke ciwo shi ne za a danna. Duk wanda aka taɓa yi wa, don Allah ya gaya mini yadda abin yake.

Direban babbar mota: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, an yi mini sau shida. Za ka kwanta ruf da ciki, likitan gashin ya ɗora tushen tafin hannunsa a kan ƙasusuwa biyar na ƙasan baya, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana dannawa yana saki a hankali, yana kuma tambayar ka inda zafin ya fi. Ya bayyana mini cewa wannan salo na wani masani ne ɗan Ostareliya mai suna Maitland, kuma dannawar mataki-mataki ce: ana farawa da mai sauƙi don rage zafi, sai daga baya a ƙara ƙarfi don sassauta gaɓar da ta ƙage. Washegari jikina ya yi tsami, amma a rana ta uku na ɗaure takalmina ba tare da na dafa bango ba. Kuskurena shi ne da na ji sauƙi sai na watsar da atisayen da aka koya mini, na koma tuƙin awa goma ba tsayawa, kuma cikin wata biyu ciwon ya dawo.

Malamar makaranta: Ni nawa ya samo asali ne bayan haihuwata ta uku. Na nemi mace ta duba ni, aka kuwa ba ni, don haka kada kunya ta hana 'yan'uwa mata zuwa. Ba ta taɓa ƙashin sosai ba, tsokar gefen ƙugu da ta ɗuwawu ta riƙa tausawa da babban yatsa har inda ya ɗaure ya saki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ta ce in cire ɗamarar baya da na shekara ina ɗaurawa, kuma daga baya na ga cewa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu ba su goyi bayan ɗamarar ba, ba su kuma goyi bayan jan baya da na'ura ba, alhali sun amince da tausa da motsa jiki.

Manomi: Ni kam na sha wuya kafin in je asibiti. Wani mai tausa ya sa na kwanta ya hau bayana da ƙafa, yana cewa ƙashi ne ya goce. Na tashi ciwon ya sauka har tafin ƙafata ta hagu, yatsuna sun mutu, na yi mako uku ban je gona ba.

Likitan gashin ƙashi: Allah Ya ƙara sauƙi, Baba. Abin da ya same ka ina ganin irinsa a wurin aiki, kuma yana ci mini rai. Ƙarar da ake ji idan an murɗa baya da sauri iska ce a cikin ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, kuma ba ma yin wannan murɗawar ga mai raunin ƙashi, ko tarin fuka na ƙashin baya, ko ciwon daji, ko wanda ya faɗi ba a tabbatar babu karaya ba. Wanda ya ji matsematsinsa sun mutu, ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ƙafafunsa suna ƙara rauni, ya tafi sashen gaggawa a ranar. A marasa lafiyata, hannu yana rage zafin ne don mutum ya iya motsi, kuma waɗanda suka riƙe atisaye su ne ba na sake gani.

Tela: Na gode ƙwarai. Na je jiya, an danna kamar yadda direba ya kwatanta, kuma an ce in riƙa tashi daga keke duk bayan rabin awa in ɗan taka. Ranar Litinin zan koma karo na biyu, in Allah Ya yarda.