Yaya kuke yi da nama a wannan tsadar?

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kuɗin cefane kuwa yana nan inda yake. Kashin naman da mahauci ke zuba min kullum ƙara ƙanƙancewa yake, ga shi mu tara ne a gida. Masu iyali da yawa, don Allah ya kuke yi?

Uwargida daga Fagge:
Wa alaikumus salam. Ki rage sayen tsoka zalla, 'yar uwa. Ni ƙashi mai ɓargo nake saye da ɗan kitse, in tafasa da albasa, citta, kanumfari da daddawa, sai in raba romon biyu: yau kuka, gobe kuɓewa. In romo ya ji, ba mai ƙirga yanka. In kuma kina kusa da kwata ki gwada naman raƙumi, a wajenmu ya fi na shanu sauƙi. Sai dai yana cin wuta, in da gas kike girki ki yi lissafi tukuna.

Magidanci daga Zariya:
Hajiya, ki ba maigida shawarar watanda. Mu a unguwarmu ba ma jiran Sallah. Ƙarshen wata muke haɗa kuɗi, a sayo sa, a yanka, a kasa daidai: tsoka, ƙashi, kayan ciki, kowa ya samu. Kai da ƙafa da fata mukan sayar a biya mahauci. Abin da nake kawowa gida ya fi abin da kuɗin zai saya a teburi.

Amarya a Damagaram:
Baba, watanda sai mai firji da tsayayyiyar wuta. Mu nan soyawa muke ya bushe ƙayau, kamar naman layya, mu adana man daban don miya. Ranar girki in ɗebi kaɗan in daka a turmi, ya watsu cikin miya, kowace loma da nama a ciki. Rigimar "nawa ya fi ƙanƙanta" ta ƙare a gidana.

Inna mai tuwo:
'Ya'yan nan, wa ya ce dole kullum nama? Ranar taushe ki zuba busasshen kifi, ranar shinkafa da wake ki soya awara, ko ki kwaɗa zogale da ƙuli. Ganda kuwa ban yarda da ita ba, tauna ce kawai. Kuma ku daina tara wa maigida duk yankan a kwanonsa, yara masu tasowa ne suka fi buƙata.

Uwargida daga Fagge:
Inna, a bar mana gandarmu, in ta sha yaji tana rufa asiri. Maganar kwanon maigida dai ke za ki zo ki faɗa masa.

Maman 'yan biyu:
Na gode, Allah ya saka. Dakan nan zan fara gwadawa gobe. Amarya, ɗanye kike dakawa ko sai wanda aka soya kawai?